Daɓen Da Gara Ba Ta Ci

Sunana Hajo, amma a garinmu, can bayan Lafagu a kan hanyar da ke zuwa iyakar Benin, Hajo Mai Daɓe ake ce mini. Na fi shekara talatin ina gaban mata wajen daɓen ɗaki. In za a kai amarya ko an yi sabon gini, ni ake aika wa da goro. Ni ke zaɓen ƙasa, ni ke cewa ruwa ya isa, ni ke fara buga madaɓi sauran su biyo. Ina ji da aikina, kuma jin kan nan ne ya kai ni inda nake yau. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma na gwammace in rubuta wannan da hannuna, don kada wani ya tausaya mini ya sassauta inda bai kamata ba.

'Yan shekarun baya aka kafa wani kamfani a filin da ke gabas da gari. Matattun baturan mota da na sola ake kawowa, wasu ta iyaka a manyan motoci, a fasa su, a narka dalmar da ke ciki. Samarinmu sun sami aiki, mun yi murna. Da la'asar hayaƙin yakan kwanto cikin gari, ya bar wani ɗanɗano a baki kamar ka tsotsi tsohon kwabo. Mun yi tari, mun yi mita, daga baya muka saba.

A bayan katangar kamfanin ake zubar da abin da ya rage a tukunyar narki, wata baƙar tsakuwa mai ƙyalli haɗe da toka. Ba shinge, ba mai hanawa. Maza suka fara kwasa suna cike ramukan hanya. Ranar da na damƙe ta a hannu na ji nauyinta, sai zuciyar mai daɓe ta motsa. Na ɗebo kwano shida, na daka, na gauraya da jar ƙasa, na gwada a ɗakina. Daɓen ya fito baƙi wuluk, sumul, ga sanyi ko da tsakar rana. Ko ruwan makuba da muke shafawa don ya yi ƙarfi ban nema ba. Abin da ya fi burge ni, gara ta daina shigowa. Tururuwa ma sai ta zo bakin ƙofa ta juya. Mata suka riƙa zuwa kallo, suna shafawa da tafin hannu, kafin shekara ta zagayo na yi wa ɗakuna bakwai irinsa.

Ɗana Ɗanjuma yana zaune a Matsinkai da matarsa Rabi. Da ɗansu ya isa yaye suka kawo mini shi, yadda kowa ke kai wa kaka. Sunan marigayi mijina aka sa masa, don haka ba na faɗin sunan, Maigida nake ce masa. Ya zo mini da ƙiba, da baki kamar ya ari na manya. Bai taɓa ce mini Kaka ba. Sai dai ka ji, "Hajo, ruwa." In ce, "Miji ba cefane sai ba da umarni?" Ya kwashe da dariya kamar ya gane. In na tafi daɓe da shi nake zuwa, ya zauna gefe yana dukan ƙasa da tafin hannu yana kwaikwayonmu, mata suna cewa na sami magaji.

Sati biyu aka ce zai yi. Sai ga shi Rabi tana da ƙaramin ciki mai laulayi, zamansa ya kai wata biyu. Bazara ce, zafi ya yi zafi. Yaron ya gano sanyin daɓena, ya tuɓe riga ya kife cikinsa a kai ya yi barci. Wani lokaci in tarar ya ƙwaƙule gefen da daɓe ya haɗu da bango yana kaiwa baki. Nakan buge hannun in wuce. Wace kaka ce ba ta ga yaron yaye yana cin ƙasa ba?

Ana haka ciwo ya kama shi. A satin farko, abinci ya ƙi. Bayan gida ya ɗauke masa, ya riƙa dafe ciki yana kuka. Kulu, ƙanwar mijina da muke katanga ɗaya, ta leƙo ta ce, "Kewar nono ta, ba komi ba. Ko kuma ya sha cikin uwatai kahin a gane. Ki ba shi jiƙon tsamiya." Na ba shi. Cikin ya ɗan saki, kukan bai tsaya ba.

A sati na biyu amai ya fara. Tafin hannunsa ya yi fari, leɓensa ya yi fari, ya daina bina wajen aiki. Na goya shi zuwa shagon maganin Emeka, wani Inyamuri da ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta koma irin tamu. Ya ba mu maganin zazzaɓin cizon sauro, ya riƙe hannun yaron yana juyawa. Ya ce, "Inna Hajo, in kwana ukku bai sake ba, kada ki komo wurina, ki tahi asibiti. Kuma wanga hayaƙi na kamfani bai yi min ba. Ki riƙa tsare shi cikin ɗaki in an kunna wuta." Ina gode masa har yau, don da gaskiya ya faɗa. Bai san abin da ke cikin ɗakin ba, ni ma ban ga dalilin faɗa masa ba.

Kwana uku suka wuce ban tafi ba. Na ce bari in ga na huɗu. A sati na uku, wata rana da hantsi, ya taso zai zo wurina, ƙafafunsa suka harɗe, ya faɗi, jikinsa ya hau jijjiga, idanu suka juye. Kan ka ce me, gida ya cika. Wannan ta ce iska ce ya gamu da ita a bakin rafi, waccan ta ce haƙori ne. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi. Kulu ta ce, "Kada a hidda shi waje, rana ta ka tada abin. A kwantar da shi bisa daɓe, sanyi shi ratsa shi." Muka shimfiɗe shi a ƙasa ba ko tabarma, ina yayyafa masa ruwa, ruwan yana gangarowa daga jikinsa zuwa daɓe, yana lasar wanda ya taru kusa da bakinsa.

Washegari Ɗanjuma ya zo a babur, ya kalli ɗansa sau ɗaya ya ce a tashi. A asibiti a Bagudo mun sami layi har ƙofa. Daga safe har azahar ina tsaye da yaro a baya, kati a nan, awo a can, kowace taga da nata layin. Da muka shiga aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Uban ya ba da nasa aka ƙara masa. Kwana takwas muka yi a gado, na sayar da akuya ɗaya. Ma'aikatan sun yi ƙoƙarinsu, akwai wata nas da take raba kununta da shi. Amma ba wanda ya tambaye ni inda yaron ke kwana.

Ya murmure a asibitin nan. Ya ci, ya zauna, ranar da za a sallame mu ya ja mini zane ya ce, "Hajo, gida." Rabi ta zo da ƙyar, ta durƙusa ta ce, "Inna, da kin bari na tahi da shi, ki samu ki huta." Raina ya ɓaci. Na ji kamar tana cewa na kasa. Na ce, "Ga hannuna ya kwanta, ga hannuna za shi warkewa. Ke ji da naki laulayin." Yarinya ce mai kunya, ba ta iya ja da uwar miji. In da akwai magana ɗaya da zan iya mayarwa cikin bakina a duniya, wannan ce.

Na koma da shi na yi jinya irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba. Na tuna maganar Emeka a kan hayaƙi, na toshe taga da tsumma, na saki labule, na hana shi leƙa ko tsakar gida. Don tsafta, sau uku nake share ɗakin a rana, ƙofa a rufe, yana zaune a ƙasa yana kallona. Ina ganin ƙurar tana yawo a hasken da ke shigowa ta jikin ƙofa, ban kawo komai a raina ba. Duk mai zuwa dubiya sai ta yaba mini.

Sati biyu da komawarmu ya fara dukan kansa da hannu yana ihu. Maganarsa ta ragu, ta koma nuni. In na kira shi sai ya daɗe kafin ya juyo. Ranar wata Talata bayan azahar jijjigar ta dawo, wannan karon ta ƙi tsayawa. A Bagudo suka yi masa allura, suka rubuta takarda suka ce mu wuce Birnin Kebbi. Na sayar da sauran awakina, Ɗanjuma ya fitar da shinkafar da ya ajiye ta iri. A mota yaron yana kan cinyata kamar jiƙaƙƙen tsumma, ina sa yatsa a hancinsa kowane lokaci in ji ko yana numfashi.

Likitar da ta karɓe mu a can mace ce, ba ta da yawan fara'a, amma tana da tambaya. Da ta ji sunan garinmu ta ce ko akwai masu haƙar ma'adini. Ɗanjuma ya ce babu, sai dai kamfanin batir. Ta ɗebi jini ta ce sai an aika da shi wani gari. Kwana biyar muna jira, muna kwana a baranda da sauran masu jinya, kowa da buhunsa da butarsa. Da sakamako ya zo ta kira mu, ni da Ɗanjuma da Rabi wadda ta biyo mu daga baya.

Ta ce, "Gubar dalma ce, kuma ta yi yawa. Hayaƙi yana kawo ta, amma yadda ta taru a jikin yaron nan, akwai inda yake samunta kusa. Babansa yana aiki a kamfanin?"

Aka ce a'a.

"Kuna ajiye ruwa a kwankon batir? Ana sa masa kwalli?"

Aka ce a'a.

"Ɗakin da yake kwana siminti ne?"

Allah Ya gani, har a lokacin da alfahari na amsa. Na ce, "Daɓe na, Likita, ni niy yi shi da hannuna. Ko gara ba ta shiga." Ta ce da wace ƙasa. Na shiga yi mata bayani dalla-dalla, kwano nawa na baƙar tsakuwa, kwano nawa na jar ƙasa, yadda ake dakawa. Ina cikin magana na ga ta ajiye biro. Na ji muryata tana raguwa da kanta har ta tsaya. Rabi ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Mama, ba ki sani ba. Amma kada ya sake taka ɗakin nan." Ɗanjuma ya tambaya ko zai warke. Amsarta ta zauna mini a kai har yau. Ta ce, "Magani zai fitar da dalmar da ke cikin jini. Ba zai mayar da abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba."

Na fita na zauna a gindin wata bishiya na yi kukan da ban yi ba ranar da mijina ya rasu. Abin da gara ta gani ta juya, ni na ɗauko a ka na shimfiɗa wa jikana, na rufe ƙofa a kansa, na kira shi jinya.

Kusan sati uku ana ba shi maganin. Wani ƙwanso ne da ake buɗewa a zuba a kunu, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, sai mutum biyu sun riƙe shi. Jijjigar ta tsaya, jikinsa ya fara dawowa. Bakinsa ne bai dawo ba. Daga asibiti Rabi ta goya ɗanta ta wuce Matsinkai, ba ta nemi izinina ba, ni ma ban hana ta ba.

Asibitin ne ya kai rahoto, don ashe ba mu kaɗai ba ne daga yankinmu. Bayan wata biyu sai ga mutanen gwamnatin jiha masu kula da muhalli, aka tara gari a ƙofar maigari, maza gaba, mu mata can baya. Shugabansu ya yi bayanin tsarin da suka zo da shi. Za a kafa wasu akwatuna a kan dogayen sanduna su riƙa auna iskar da muke shaƙa. Za a tilasta wa kamfani ya ɗaga bututun hayaƙinsa ya sa masa matata, ya rufe jujinsa, ya riƙa wanke ƙafafun motoci kafin su fito. In awon bai sauka ba zuwa wani lokaci, za a rufe shi. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Tsari ne mai kyau, ban raina shi ba, sai dai ya zo a makare.

Ban taɓa magana a taron maza ba, ranar na miƙe. Na ce, "Ranka shi daɗe, akwatinku na bisa sanda. Ɗiyanmu ba su kai can ba, ƙasa suke rarrahe. Akwai ɗaki takwas ga wanga gari da anka daɓe da tsakuwar kamfani. Ni niy yi su, na san su dut."

Mutumin ya duba takardunsa ya ce, "Mama, mu iska aka turo mu aunawa. Maganar ƙasa wani ofishi ne, za mu sanar da su." Na tsaya ina kallonsa har Kulu ta ja mini zane na zauna.

Akwai wata budurwa a cikinsu mai riƙe da littafi. Bayan an watse ta biyo ni gida, ta tsuguna a ƙofar ɗakina ta daɗe tana kallon daɓen. Ta ce, "Mama, in kin share ɗakin nan ƙura tana tashi?" Na ce tana tashi. Ta ce, "To ai iska ce. Aikinmu ne." Bayan kwana goma ta dawo da buhuna masu kauri, da safar hannu, da abin rufe hanci, da mota mai kwashewa. Ta ce kada a taɓa daɓen a bushe, a jiƙa shi sharkaf kafin a fasa, a kankare har ƙasar da ke ƙarƙashi, yara da masu ciki su bar gidan. Ban san yadda ta yi da manyanta ba. Ban riƙe sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Samari aka ɗauko su yi aikin. Na ce ɗakina dai ni zan fara sara. Daga nan na bi sauran bakwai ɗin gida gida, ina sallama a inda a da ake tarbata da goro. Wasu sun yi mini godiya, wasu ba su amsa sallamar ba. Kulu ta tare ƙofar ɗakin surukarta ta ce, "Wanga daɓe da gari dut ka zuwa kallo za a hwashe? Mu dai lahiya lau muke." Surukar tana tsaye a bayanta da jariri a kafaɗa. Na ce, "Kulu, tahi Matsinkai ki kira Maigida da sunanai. In ya waiwayo, a bar maki daɓenki." Ta matsa daga ƙofar. An auna jinin yaran gidajen, aka sami uku da ke buƙatar magani, Allah Ya sa ba wanda ya kai inda nawa ya kai.

Yanzu akwatunan suna nan a kan sandunansu. An zagaye jujin da waya, hayaƙin ya ragu, wasu ranakun kuma yana dawowa kamar da. Ba a rufe kamfanin ba, an ce ana kan awo. Gara ta dawo ɗakina ta ci ƙafar gadona, ban taɓa murnar ganin ɓarna irin wannan ba. Na daina daɓe. Ga duk wanda ke zaune kusa da inda ake narka batir, roƙona kada ya ɗauki komai daga wurin ya kai gida, ko tsakuwa, ko toka, ko kwanko. In yaro ya warke a asibiti ya koma gida ya sake kwantawa, a duba gidan kafin a zargi iska.

Maigida ya haura shekara huɗu. Yana tafiya, yana ci, ba ya magana. Ƙanwarsa da aka haifa bayan ciwon ta riga ta fara kiran sunayen mutane. Duk Juma'a nakan hau mota in je Matsinkai. Rabi tana shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni a durƙushe. Ba ta taɓa faɗa mini magana mai ɗaci ba ko sau ɗaya. Yayen ƙanwar ya zo ya wuce, a ɗakinta ta yi shi, ba wanda ya tada zancen.

Juma'ar da ta wuce muna zaune a tsakar gida, yana kusa da ni. Na ce, "Maigida, ga Hajo ta zo, ba ka neman ruwa?" Ya kalle ni yadda yake kallon kowa. Can sai ya zame daga tabarma, ya buɗe tafin hannu ya fara dukan ƙasa, a hankali, bugu bayan bugu, daidai yadda nake farawa kafin mata su biyo. Duk kalmomin da ya zo mini da su sun tafi, wannan kaɗai ya rage masa daga gidana. Ya gama ya ɗaga hannun, ƙasa ta manne a jiki, ya nufi baki da shi.

Ni da Rabi muka miƙa hannu tare. Ni na fi kusa. Na janye nawa, na bari uwarsa ta kama.